Tabarmar Alhamis

Litinin, bayan la'asar

Na yanke shawara. Daga wanga wata ba ni sake biyan ma'aikata da hannu. Kowa albashinshi shi faɗa mashi ta banki kai tsaye, yadda manyan kamfanoni ke yi. Gidan Burodin Dalhatu ba ƙaramin wuri ba ne yanzu. Ni da na fara da tire guda bisa kai a tashar Isa, yau mutum goma sha uku ke cin abinci ƙarƙashina nan Sabon Birni. Bai kamata a ce har yanzu duk Alhamis ɗin ƙarshen wata ina shimfiɗa tabarma ƙofar gida, ina miƙa ambulan kamar mai rabon zakka ba.

Maiɗakina Zainaba ta ce, "Alhaji, ko don abin da ya samu Alhaji Wakili mai shinkafa ne?"

Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta. Alhaji Wakili daban, ni daban. Shi duk gari ya san ranar da shike tara kuɗin leburori cikin ɗaki, shi ya sa... Ban ƙarasa ba. Ita ma ba ta nemi in ƙarasa ba.

Ba tsoro ba ne. Zamani ne.

Talata, da hantsi

Mubashshir mai POS ya zo ofis. Shi ne wakilin banki nan garin tun da sunka rufe reshensu. Ya ce kowane ma'aikaci sai ya buɗe akawun, an ɗauki hoton yatsanshi. Ni kuma in ba banki sunaye sau guda, ranar biya su cire daga akawun ɗin kamfani su watsa wa kowa. Cinikin yini kuwa in riƙa kai mashi kafin magariba shi tura.

Ya ce, "Alhaji, ka ga ke nan kuɗi ba su kwana gidanka."

Wagga magana ta yi mani daɗi fiye da yadda na nuna mashi.

Ya tambaya mi za a rubuta cikin saƙon da za shi shiga wayoyinsu. Na ce a sa sunan kamfani cikakke, da nawa, da Alhajin. Ba sata na yi ba da za ni ɓoye sunana.

Laraba, bayan magariba

Na zauna teburin mai shayi, abin da na daɗe ban yi ba. Na ce, "Ni yanzu ko kwabo babu gidana. Komi yana banki. Ko kaza ta shiga ɗakina yunwa ta kashe ta." Anka yi dariya. Na sake faɗa da ƙarfi.

Ban san ko wane ne ke kai wa mutanen daji labari ba. Ba wanda ya sani. Amma akwai shi, kuma shayi shike sha kamar kowa.

Kuɗin da na ɓoye cikin tsohon tanderu na sayen fulawa ne, don ɓacin rana. Ba shi cikin wagga magana.

Alhamis, bayan azahar

Yau anka ɗauki yatsu. Kowa ya wuce lafiya sai Kalilu.

Kalilu shi ne mai gashi. Tare munka fara. Shi ya gina mani tanderun farko da laka, lokacin da ba ni da abin biyanshi sai burodin da ya kwana. Gaban mutane Alhaji shike ce mani. In mu biyu ne, Dalhatu.

Na'ura ta ƙi karanta babban yatsanshi na dama. Shekara da shekaru shina damƙar gwangwani mai zafi, zanen ya shafe, yatsan ya yi sumul kamar bayan cokali. Mubashshir ya goge, ya sa mashi mai, ya danna. Ta ƙi.

Lauwali mai kwaɓi ya ce, "Baba Kalilu, wuta ta cinye maka shaida. Gwamnati ta ce babu kai."

Kalilu ya ce, "Ubanka ma da ya haife ka bai nemi shaida ba, shi ya sa ya yi asara."

Sai da anka sha wuya ta karɓa. Da sunka watse ya tsaya bakin ƙofa shina share yatsan ga riga.

"Dalhatu, kuɗin da hannunka bai taɓa ba, hannuna bai taɓa ba, wa za ni yi wa godiya? Akwatin Mubashshir?"

Na ce shi yi wa Allah.

Ya ce, "Shi kullum ina yi mashi. Kai nike tambaya."

Shi mutumin da ne. Ranar tabarma shi ke fara karɓa, da hannun dama, hagu na tallabe da gwiwar hannun, shi ce Allah shi amfana. Bara Lauwali ya miƙo hagu don damarshi na da kwaɓi, Kalilu ya buge hannun, ya ce gumin mutum ba kashi ba ne da za a ɗauka da hagu. Irin wanga mutum ba a koya mashi zamani rana guda.

Asabar, da asuba

An ji ƙara daga gabas. Wai taya ce ta fashe. Taya ba ta fashewa a jere haka.

Talata, da yamma

Na sa an ƙara sakata ga ƙofar baya. Tsohuwar ta yi tsatsa, shi ke nan dalili.

Alhamis, ƙarshen wata, da walaha

Ya yi! Suna tsakiyar aiki sai wayoyi sunka ɗauki kuka, wagga ta yi, waccan ta amsa, kamar zakaru. Lauwali ya daka tsalle da kwaɓi har wuya. Ba layi, ba taro ƙofar gida, ba wanda ya ga ambulan. Na tsaya bakin ofis hannu baya, na ji ni wani ne.

Kalilu ya fiddo 'yar wayarshi mai tocila, ya ba Lauwali ya karanta mashi. Ya ji sunana, ya gyaɗa kai, ya mayar aljihu, ya koma bakin wuta. Na jira godiya, ban samu ba.

Zainaba ta kakkaɓe tabarmar da safe don sabo, ta jingine ta bayan ƙofa. Malam Usaini liman, da kan zo shi yi addu'a kafin a fara biya, ya zo ya tarad da ƙofar gida wayam. Na ba shi burodi biyu. Ya ce, "To, Allah shi sa haka ya fi alheri." Ban so yadda ya ce to ɗin ba.

Asabar, da hantsi

An ɗauke sabis. Duk layukan. Wai don a toshe wa mutanen daji kunne.

Lahadi, bayan isha'i

Rumfar Mubashshir a rufe. An ce ya kwashi na'urarshi ya koma Burkusuma, can bakin iyaka, inda ake kama sabis ɗin Nijar. Duk mai son cire kuɗi sai shi bi shi can.

Mafi yawan yarana ba su riga sun cire ba. Sun bari ne suna kallon saƙon alat, suna nuna wa mutane.

Kwana biyu ne a maido. Ba za a bar ƙasa guda ba waya ba.

Litinin, bayan la'asar

Kalilu ya shigo ofis ya rufe ƙofa da kanshi.

Ya ce an aiko daga Kamarawa, garinsu. Gero ya nuna, amma ba mai sa lauje sai an haɗa abin da mutanen daji sunka aza wa gari. Kowane gida da rabonshi, kuma an ba su zuwa Juma'a. Ƙanenshi ba shi da shi.

"Dalhatu, ba bashi nike nema ba. Ba ni nawa ga hannu, ka riƙe na akwatin in an buɗe."

Na ce, "Na biya ka. Kuɗinka na banki."

"Bankin na ina?"

"Babu ko kwabo gidan nan. Kowa ya sani."

Ya dube ni. Daga nan ya dubi taga, wajen tsohon tanderu. Shi ya gina shi, ya san cikinshi ya fi ni.

In na ba shi, gobe goma sha biyu na bakin ƙofa. Jibi mai shan shayi ya ji cewa Alhaji Dalhatu na da su a gida, ƙarya shike. Ina da iyali. Wa za shi ce ban yi daidai ba?

Ya ce, "To, Alhaji." Mu biyu ne cikin ɗakin.

Talata, da safe

Kalilu ya gama gashin asuba ya hau kabu-kabun Hussaini zuwa Burkusuma. Ya ce kafin la'asar ya dawo, a bar mashi kwaɓin yamma.

Talata, bayan magariba

Kwaɓin ya kumbura har ya zubo. Na ce Lauwali shi gasa.

Laraba, da hantsi

Bai dawo ba. Layi ne. An ce mutane har daga Isa ke zuwa wurin Mubashshir. Dole mutum shi kwana.

Alhamis, da azahar

Layi ne, na ce.

Juma'a, bayan masallaci

Wani da ya dawo daga can ya ce Mubashshir bai ga Kalilu ba. Bai iso ba ma.

Liman ya yi addu'a ga waɗanda ke hanya. Na ɗaga hannu tare da kowa. Na ji kamar duk sahu ni shike kallo, alhali ba wanda ya juyo.

Burodi na fita ƙasa a ƙone, ciki ɗanye. Mai shayi ya maido rabin nashi. Ya ce, "Alhaji, ina Sarkin Wuta?" Na ce ya tafi ganin gida.

Asabar, da safe

Mairama matar Kalilu ta zo. Ba ta shiga wurin Zainaba ba, ba ta yi sallama da ni ba. Ta zauna ƙasa ƙofar gida, gefen da ake jera burodi, ta ja mayafi. Na aika a ce ta shigo inuwa. Ta ce nan ya ishe ta.

Zainaba ta fito ta shimfiɗa mata tabarma. Duk tabarmin da ke gidan nan ba ta ga wadda za ta ɗauko ba sai waccan.

Lahadi

Ta dawo.

Litinin, da yamma

Ta dawo. Ta ƙofar baya nike fita yanzu, ta fi kusa da sito.

Yara uku sun ce za su bi hanyar su ma, gidajensu ba hatsi. Na hana su. Lauwali ya ce, "To Alhaji, mu ci alat?" Da can bai isa shi yi mani wagga magana ba. Na ce kowa shi ɗauki burodi kyauta. Ya ce, "Wanga burodin?" Sunka yi dariya, irin wadda ba daɗi.

Da can mutum guda ke cikin haɗari ranar biya. Yanzu na duba... a'a. Ban kashe sabis ba. Ba ni na kashe sabis ba.

Laraba, kafin azahar

Hussaini mai kabu-kabu ya dawo. Da ƙafa, ba babur, ba takalmi. Bai tafi gidansu ba, nan ya fara zuwa, don an ce mashi nan za shi fara zuwa.

Ya ƙi zama. Shina magana shina duban ƙofa.

Ya ce Kalilu na da rai. Ya ce mutanen daji sunka tare su ga hanya, sun karɓe wayar Kalilu, akwai mai karatu cikinsu, ya karanta saƙon da ƙarfi, da sunan kamfani, da nawa, da Alhajin. Sunka yi ta maimaita shi suna dariya. Sun tambayi Kalilu inda maigidanshi ke ajiya. Ya ce shi wuta ya sani. Sun daɗe suna tambayarshi.

Na ce, "Ya faɗa?"

Hussaini ya dube ni kamar bai gane ni ba. Ya ce, "Da ya faɗa, Alhaji, da ba ni ne za ni zo maka ba."

Sun faɗi kuɗin da suke so. Ba ni rubuta shi. Da burodi buhu biyu, mai kyau. Sun ce su ba su san alat ba, ga hannu suke so, kuma hannun mai sunan. Ranar Asabar, wajen tsamiyar da Hussaini ya sani.

Laraba, bayan isha'i

Ana iya aika wani. Ana yi. Ba su san fuskata ba.

Alhamis, da asuba

Fulawa ta kusa ƙarewa. Ya kamata in tafi Sakkwato da kaina in ga dila. Gaskiya ne, kowa na iya duba sito. Na sa kaya cikin jaka.

Zainaba ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Kaya kala biyar don sayen fulawa?"

Na ce ta fita harkata.

Ta ce, "Na fita. Amma ta ƙofar gaba za ka bi, Alhaji. Na sa kwaɗo ga ta baya, makullin na wurina."

Shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa yi mani haka ba.

Alhamis, da hantsi

Na fito da jaka. Mairama na bisa tabarma. Na ce, "Ina kwana." Tun da ta fara zuwa ban ce mata komi ba sai yau.

Ta ce, "Lafiya lau, Alhaji. Ban zo roƙo ba, kar ka ce roƙo ne. Saƙo gare ni. Ranar da za shi tafi ya ce in ya yi latti in faɗa maka itacen da ke bayan tanderu jiƙaƙƙe ne, kar yara su sa shi, shi ke ƙona ƙasan burodi. Kullum in na zo sai ka bi ta baya."

Na tsaya da jaka ga hannu. Motar Sakkwato na ta oda bakin titi.

Na koma ciki na ce Lauwali shi kwashe itacen shi shanya.

Alhamis, bayan la'asar

Na fasa bakin tsohon tanderu da rana tsaka, gaban kowa.

Abin da ke ciki bai isa ba. Janareto babba ya tafi, da motar raba burodi. Wanda ya saya ya san ina cikin matsi, ya yi mani farashin matsi. Allah shi ba shi abin da ya nema.

Na fidda rabon gidansu Kalilu na aika Kamarawa. An ce an ƙara masu kwanaki, geron na tsaye.

Zuwa magariba duk gari ya ji. Shi ma mai shan shayi ya ji.

Juma'a, bayan la'asar

Na tuɓe babbar riga na tsaya bakin wuta da kaina. Rabona da sandar fidda burodi tun kafin in tafi Makka. Hannuna ya tashi ƙuraje nan take. Yara na leƙe.

Malam Usaini ya zo ba a kira shi ba. Ya ce in riƙa karanta Hasbunallahu har in isa. Na ce mashi ni ba tsoro nike ji ba. Ya ce, "Na sani, Alhaji. Karanta dai."



Asabar, bayan sallar asuba

Hussaini ya samo aron babur. Ya ce shi kai ni kusa, shi tsaya.

Zainaba, in kin buɗe wanga littafi: takardun gida na cikin akwatin ƙarfe. Kar a sallami kowa. Alhamis ɗin ƙarshen wata a biya su, ko mi za a sayar.

Tsoro nike ji.

Lahadi, da azahar

Mun dawo.

Litinin, da hantsi

Ba ni rubuta abin da na gani. Masu riƙe da shi yara ne. Wanda ya karɓa daga hannuna bai kai Lauwali ba. Ya ce, "Kai ne Alhajin?" Na ce ni ne. Ban san muryata na iya yin ƙanƙanta haka ba.

Mu uku bisa babur, Kalilu tsakiya, ina riƙe da shi ta baya don kar shi faɗi. Bai da nauyi. Hannun damanshi na naɗe cikin rigarshi, ya manne shi ga ƙirji. Ban tambaya ba.

Mun yi nisa. Akwai burodi guda da ya rage cikin aljihuna, na gutsura na sa mashi ga baki. Ya daɗe shina taunawa.

Ya ce, "Wa ya gasa wanga?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Haba, Dalhatu. Ka yi saurin fiddawa."

Hussaini ya ce iska ce ke sa idona ruwa, in sunkuyar da kai. Yaron kirki ne.

Laraba, da yamma

An kai Kalilu asibiti an dawo. Likita ya yi abin da za shi iya. Mairama ba ta zo ƙofar gida ba yau, sai na ji wurin ya yi faɗi.

Har yanzu ba sabis. Albashin watan jiya na can cikin akwati shina jiransu. Kowane ƙaran babur sai na tashi zaune.

Alhamis, sati guda bayan nan, ƙarshen wata, bayan azahar

Na shimfiɗa tabarmar da kaina, ƙofar gida, inda ta saba. Abin da za ni biya cinikin sati biyu ne da kuɗin agogona. Malam Usaini ya yi addu'a. Akwai mutane tsallaken titi, wajen shagon tela, suna kallo. Ko mai shan shayi na cikinsu, ko ba shi ciki. Bayana duk ya jiƙe.

Ban aika a kira Kalilu ba, na ce a kai mashi gida. Sai ga shi, Mairama na biye. Yara sunka buɗe mashi hanya, don shi ke fara karɓa.

Ya durƙusa a hankali. Ya dubi ambulan. Ya dubi abin da ke naɗe ga ƙirjinshi. Sannan ya miƙo hagu.

Lauwali ya sunkuyar da kai.

Na kama ambulan da hannu biyu na sa mashi, na riƙe hannun nan na hagu ban saki ba, har sai da ya ce, "Allah shi amfana. Saki mani, Alhaji, akwai mutane bayana."